Yadda Za Ka Bi Oga Yawon Tiki Ba Ka Rasa Umaima Ba

Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka. Ogan ofis ɗinku na Germantown, Alexander, ya haukace a kan tiki, wato mashayar nan da ake yi wa rufin ciyawa kamar bukka, ana sha a kofi mai fuskar gunki. Duk ƙarshen mako sai ya ja ma'aikata gari-gari, wanda bai bi ba kuwa ba ya ganin ƙarin girma. Ga shi kana neman Umaima, mahaifinta Dakta Munzali har yau bai ce e ba. Bi matakan nan, na yi maka alkawarin aiki da mata.

1. Yi nisa

Kada ka yarda da ko'ina kusa da Landover, inda 'yan gida suka cika. Kada kuma ka hau tasi. Direban da ya yi shiru duk hanya, wurin sauka zai ce, "A gaida gida."

2. Bar hula a mota

Sa rigar nan mai furanni. Za ka ji kunya, amma masana sun tabbatar kunya ba ta kwantar da mutum a asibiti.

3. Nemi ruwan abarba zalla

Maimaita har mai haɗawa ya gaji da kai. Sai dai shi ma a kofin gunkin zai zo, da 'yar lema a kai, kuma hoto ba ya nuna abin da ke ciki. Da abokiyar aikinka Constance ta ɗaga waya za ta ɗauki hoto, faɗa ƙarƙashin tebur neman makulli.

4. In ka hango Dakta Munzali

Zai faru. Ga shi can a lungu, abokan aikinsa sun rataya masa sarƙar furanni. Hankali zai ce ka gudu, amma gwiwoyinka na gida ne, kafin ka ankara ka durƙusa.

"Baba, ina wuni? Ina gajiya?"

"Lafiya lau. Tashi, tashi, ɗana. Abarba ce."

"Ni ma abarba ce, Baba."

Alexander zai ɗauka al'adar tiki ce da ta wuce shi, shi ma ya zo ya durƙusa. Ƙyale shi.

5. Yi shiru

Kada ka yi alkawarin rufa asiri, kada ka yi barazana. Sunkuyar da kai kawai, kamar yaron kirki. Dakta zai dubi kofinsa, ya dubi naka, ya yi gyaran murya.

"Ka gaya wa manyanka su zo."

Gargaɗi: ni dai ba ni da hannu. In an ɗaura aure, surukinka ya riƙa tashi daga falo duk ranar da Hajiya ta yanka abarba, kada wanda ya nemo ni.