Yajin da Ban Yi Ba

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na yi yaji ba tare da na sani ba.

Bayan na gama wankan jego na dawo ɗakina a Jibiya, kunun kanwa da gasasshen nama sun yi mini aiki. Zanen da a da nake ɗaurawa har ya yi rara, yanzu da ƙyar yake haɗuwa. A wurin awo wata nas ta ce tafiyar sauri tana rage ƙiba kuma ba ta hana nono zuwa, in dai na shayar kafin in fita kuma na sha ruwa sosai. Ni kuwa da zumuɗi, washegari na ba Nana nono, na goya ta, na saka takalmin gudu na makarantar ƙanwata, na zura hijabi na kama titi.

Abin da ban lissafa ba shi ne, titin nan shi ke zuwa boda, kuma duk unguwa an san iyayena suna Maraɗi. Ga goyo, ga sauri, ga jakar ruwa da tsummokin yarinya a hammata, ga fuska a murtuke (haki ne wallahi, ba fushi ba). 'Yan acaɓa suna tsayawa ina kaɗa musu kai. Ashe wani direba abokin maigidana ya hango ni, ya buga waya.

Na kusa shingen kwastan sai babur ya sha gabana. Surukina ne, dattijon da ko ido ban taɓa haɗawa da shi ba, maigidana a bayansa ko hula babu. Na zube nan bakin titi, gaban masu dako da 'yan canji.

"Ɗiyata, mi ya yi maki?" in ji Baba. "Ki hwaɗa mani, yanzun ga in saɓa mashi. Mai shayarwa ba a ɓata mata rai."

To, da wane bakin zan ce wa surukina tumbi na fito ragewa? Na sunkuyar da kai. Nana ta farka ta tsala kuka, nono ya zubo ya jiƙa gaban hijabin, kunya ta sa ni ma na fashe da kuka. Baba ya ga hawaye, ya juya ya wanke ɗansa tas.

Maigidana ya kalli takalmin ƙafata, na ga ya gane. Ya danne dariya, ya durƙusa kusa da ni ya ce, "Baba, laifina ne. Ba ni ƙarawa."

Ranar na ƙara son bawan Allahn nan, ba zan ɓoye ba.

Har yau ina motsa jikina, amma a tsakar gida, ƙofa a rufe. Baba kuma har yau duk Juma'a sai ya leƙo ya tambaye ni ko yaron nan ya gyara halinsa. Nakan ce, "Yana ƙoƙari, Baba."