Rediyon da Ya Shiga Mota

Wallahi dabarata ba ta da aibu. Rediyona na hira da mutanen nesa doguwar eriya yake so. Na sayo waya a kasuwar Adjamé, na ja ta daga tagata a unguwar Williamsville, na ɗaure a jikin wata matacciyar gbaka, motar hayar da kaji suka mayar gida.

Na kunna rediyon, na lumshe ido. Muryar wani matuƙin jirgin ruwa tana tasowa can ƙasa-ƙasa, har ina jin iskar teku. Zan yi masa sallama ke nan, rediyon ya ja jiki ya fice ta taga. Ashe an gyara motar, ta kama hanya.

Har yau maƙwabcina Alhaji Sani yakan tare ni: "Injiniya, rediyon ya sauka unguwar Treichville lafiya? Ya kira ka?"