Rasuwar Mai Gadin Bayan Motar Baba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda kuma har yanzu ba ta gamsu ba, Baba tsohon direba yana sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar na'urar da ke gadin bayan motarsa, wadda jikokinsa ke kira 'Yar Tsegumi.

Marigayiyar ta shigo gidan ne lokacin da wuyan Baba ya daina juyawa, 'ya'yansa suka ce ko a ɗaura ta ko ya ajiye makulli. Ta yi aikinta tsakani da Allah. Da ya sa ribas sai ta fara tit, tit a hankali, in bango ya matso ta ƙwala tiiit har sai ya taka birki. Ba ta taɓa ce masa ya tsufa ba, shaidar da ba za a yi wa kowa a gidan ba.

Amma gaskiya ko a kan gawa a faɗe ta: ta sangarta shi. Mutumin da ya yi shekaru yana cusa tirela lungu da madubi kaɗai, sai ga shi ya koma tuƙi da kunne.

Ba ta yi jinya ba. Ran nan da safe Baba ya ja baya yana jiran muryarta, ashe ta riga ta cika. Ƙofar maƙwabcinsa tela ce ta kai masa labari. Allah ya kiyaye, matar telan ba ta daɗe da barin wurin da tsintsiyarta ba.

Makanike ya duba gawar, ya tarar da wayarta a yanke, ya ce ɓera ba ya yanka waya sumul haka. Tun lokacin Baba ke bin kowa da ido. Mama ta daɗe tana ƙorafin fitarsa, babbar 'yarsa kuma ita ta ari motar ana gobe abin zai faru. Su ma suna tuna masa cewa shi ke ƙure rediyo duk sanda marigayiyar ta buɗe baki, kuma an ga filaya a ɗakinsa. Ko ma wane ne, ya sani da ran mutum ya yi wasa.

Ta rasu ta bar madubai da aka daɗe ba a gaishe su ba, da fitilar baya ɗaya a fashe.

Za a yi jana'izarta gobe da hantsi a bokitin tarkacen makanike. Daga nan iyali za su zauna a falo kan maganar makulli, wanda ke aljihun Baba, hannunsa dafe a kai. Kafin a yanke hukunci, masu zuwa ta'aziyya kada kowa ya tsaya a bayan motar.