Yadda Za Ka Shirya Taron Fasaha Marar Shugaba, Kuma Ka Shugabance Shi

Idan kai matashi ne mai digiri, kana zaune tsakanin Funtuwa da Malumfashi, kuma ranka na ɓaci duk sanda ka ga manomi ya hau babur ya tafi kasuwa don kawai ya ji farashin masara alhali ga waya a aljihunsa, to zauna, da kai nake. Zan koya maka yadda ake haɗa taron fasaha irin na yanzu: babu babban baƙo, babu mai jawabi na musamman, waɗanda suka zo su ne za su koyar da juna, masu hidima kuma aikin gayya suke yi. Ka bi matakan nan bi da bi, na lamunce maka kafin la'asar babu wanda bai san sunanka ba a garinku. An gwada. Wani saurayi mai suna Mahadi ya gwada bara bayan kaka, kuma na san abin da ya ji a ransa tun daga farko har ƙarshe. Kada ka tambaye ni ta yaya.

Mataki na ɗaya: Ka kasance da buƙata, ka ɓoye ta

Babu mai shirya taro a banza. Mahadi ya kwashe shekara guda yana haɗa manhajar waya da za ta riƙa gaya wa manoma farashin hatsi a kasuwanni. Ya sa mata suna Gonata. Da ya gama, masu amfani da ita su uku ne: shi, tsohuwar wayarsa, da ƙanwar abokinsa da ta buɗe sau ɗaya don kunya. Abin da yake so a duniya shi ne manoma ashirin na gaske, masu kanta a hannu, su sa ta a wayoyinsu su riƙa dubawa.

Wannan ita ce buƙatar. Kada ka faɗe ta. Ka ce mutanenmu sun yi barci, duniya ta wuce su, kuma kai ba za ka zuba ido ba. Gaskiya ne ma, shi ya sa take saurin shiga.

Mataki na biyu: Ka tara 'yan gayya, ka ce duk ɗaya kuke

Ka nemi mutum ɗaya mai iya aiki. Mahadi ya samu Raudatu, malamar lissafi a wata firamare a Funtuwa. Ita ta roƙi hedimasta ajujuwa uku ranar Asabar. Ita ta samo janareta, ta aro majigi, ta shawo kan matan unguwa suka dafa shinkafa da wake. Ita ta bi ƙungiyoyin manoma na Tsiga da Mahuta da Ƙarfi da gayyata.

Mahadi kuma ya riƙe lasifika.

A raba aiki daidai, shi ne adalci. Idan ta ce maka, "Malam Mahadi, ko za ka kama mana bencin nan?" ka ce kana tsara tunani. Tunani ba ya nuna gumi, don haka ba mai iya cewa ba ka yi.

Mataki na uku: Ka soke babban teburi

Wannan shi ne inda ƙasar nan ta lalace. Taro na awa huɗu, uku a gabatar da manyan baƙi, ɗaya a jira su iso. Kai ka soke. Benci ɗaya ga kowa.

Sai dai ka shirya wa kawunka. Kawu Ummaru, yayan mahaifiyar Mahadi, ya taso daga Mahuta tun da safe cikin babbar riga. Ya tsaya a tsakar makaranta yana waige.

"Ina za mu zauna?"

"Ko'ina, Kawu. Yau babu babba babu yaro."

"To, madalla. Ina manya za su zauna?"

Kafin Mahadi ya gama bayani, wani ya fito da kujerar hedimasta ya ajiye ƙarƙashin darbejiya. Dattawa biyar suka kewaye ta, aka kawo musu ruwa a kofin tangaran. Ka kawar da kai. Ka rubuta a rahotonka cewa an soke babban teburi, domin a gaskiya babu teburi.

Mataki na huɗu: Ka tare ƙofa

Kowa ya zo, ka ce a kawo waya a yi rajista. Ba ƙarya ka yi ba, rajistar ce ba ka fayyace ba. Kana karɓa, ka tura Gonata ciki, ka mayar da murmushi. Mahadi ya sa wa wayoyi ashirin da uku kafin ƙarfe goma. Har ya ji ƙwalla na neman zubo masa.

Cikin masu miƙo waya akwai Marka, wata dattijuwa mai sayar da daddawa da waken suya daga wani ƙauye bayan Ƙarfi. Ta kwance wayar daga bakin zane ta ba shi.

"Ɗan nan, a hankali, a cike take."

"Ba komai, Inna. Yau za ki shigo zamani."

"To," in ji ta. "Allah ya sa da wurin zama."

Mataki na biyar: Ka kafa allon da babu komai a kai

A irin wannan taro ba a zuwa da jadawali. Allo ake kafawa, a ja layuka, duk mai abin koyarwa ya zo ya rubuta sunansa da darasinsa, ya zaɓi aji da lokaci. Ka yi wa jama'a wannan bayani da zafi. Ka ce ilimi ba na 'yan boko kaɗai ba ne.

Amma tun kafin kowa ya iso ka riga ka rubuta naka a aji na ɗaya, mai majigi da fanka, ƙarfe goma sha ɗaya, lokacin da ciki bai fara kira ba.

Daga nan za ka ga abin da Mahadi ya gani. Mutum sittin sun tsaya gaban allo, alli na hannun Raudatu, babu mai karɓa. Samari na jiran dattawa su fara. Dattawa na jiran a roƙe su. Sai da aka je ƙarƙashin darbejiya aka durƙusa, sannan Kawu Ummaru ya yarda zai yi magana kan yadda ake gane iri mai kyau, aka ba shi aji na uku. Wani saurayi ya rubuta gyaran fitila mai aiki da hasken rana, ya zaɓi bayan azahar. Aji na biyu ya rage a ƙarfe goma sha ɗaya.

Marka ta taɓa Raudatu. "'Yata, rubuta ni. Ni ban iya ba."

"Me za a rubuta, Inna?"

"Ki ce yadda muke jin kasuwa."

Mahadi ya yi murmushin tausayi. Kai ma ka yi. Yana da kyau a ƙarfafa wa talakawa gwiwa.

Mataki na shida: Ka kafa dokar ƙafa

Ga zuciyar tsarin. Duk wanda ya shiga aji ya ga ba ya ƙaruwa, ya tashi ya koma wani. Babu laifi, babu raini. Mahadi ya faɗa a lasifika har sau uku.

Kawu Ummaru ya ɗaga sanda. "Tsaya. Wato ina cikin magana, yaro ya miƙe ya kaɗe riga ya fita?"

"Haka ne, Kawu."

"Kuma in gan shi gobe a masallaci mu gaisa?"

"Ai ba raini ba ne. 'Yanci ne."

"Uwarka ta san da wannan?"

Kada ka ja da baya. Wannan kunyar ita ta hana mu ci gaba. Mutum ya zauna awa biyu yana sauraron shirme don kawai mai shirmen ya girme shi. Mahadi ya dage, har ya sa jama'a suka yi gwaji: kowa ya tashi, ya taka zuwa ƙofa, ya dawo. Ya ce, "Ko ni ne nake magana, in ba ku ƙaruwa, ku fita. Zan ji daɗi."

Ka faɗi wannan jimlar da ƙarfi. Za ka so ka tuna cewa kai ka faɗe ta.

Mataki na bakwai: Ka gabatar da naka

Aji na ɗaya ya cika, saboda fanka. Mahadi ya kunna majigi. Ya tanadi shafi arba'in da biyu, goma sha biyar na farko kan yadda aka bar mu a baya. Yana shafi na shida, sai aka ji shewa da dariya daga aji na biyu.

Wani manomi daga Tsiga ya miƙe. Mahadi ya ji daɗi, doka ta fara aiki. Sai dai mutumin bai nufi ƙofa ba. Ya tako har gaban allo, ya tsaya cikin hasken majigi, taswirar Afirka ta kwanta a kan rigarsa, ya miƙa hannu biyu.

"Malam Mahadi, sannu da ƙoƙari."

"Yauwa, sannu."

"Ya gajiya? Ya mutanen gida?"

"Lafiya lau. Ai ba sai ka..."

"Zan ɗan leƙa wajen tsohuwar nan ne. Ba don wani abu ba. Bayani ya yi kyau ƙwarai. Allah ya ƙara basira."

"Amin."

Ga abin da littattafan tsara taro ba su sani ba. Ka iya koya wa mutumin Tsiga ya bar ajinka, amma ba ka isa ka sa ya fita bai yi sallama ba. Na biyu ya taso, ya gaisa, ya tambayi jikin mahaifiya. Na uku ya ba da uzurin fitsari, ya kuma yi addu'a. Kafin a jima layi ya kafu daga allo har bayan aji, kowa na jiran ya yi bankwana yadda ya kamata. Mahadi na tsaye da abin latsa majigi a hagu, dama na cikin hannun mutane, yana ta amsa amin. Minti ashirin da biyar aka yi ana sallama. Bai kai shafi na bakwai ba.

Aji na uku kuwa babu wanda ya motsa. Wa zai tashi Kawu Ummaru na magana?

Aka bar Mahadi da Raudatu, wadda ke gadin majigi saboda aro ne.

"Ci gaba mana," in ji ta. "Ina ƙaruwa."

Mataki na takwas: Ka bi dokarka

Ka kashe majigi. Ka tafi aji na biyu da niyyar gyara musu kurakurai.

Mahadi bai samu benci ba, ya tsuguna a bakin ƙofa. Marka na zaune a kan tebur, ta ɗaga waya sama. Ashe su mata fiye da ɗari ne a guruf ɗaya na tura saƙon murya ta waya, daga ƙauyuka goma sha. Duk wadda ta isa kasuwa da safe sai ta danna ta yi magana: ga yadda masara ta kwana, ga yadda wake ya tashi, ga dillalin da mudunsa ke da ciki. Babu mai karatu a cikinsu, babu mai buƙata. Shekara uku ke nan suna yi.

Wani ya tambaya, "In wata ta yi ƙarya fa?"

"Muryarta ce. Mun san gidan mijinta."

Aka tuntsire. Mahadi ya tuna watanni biyu da ya yi yana tunanin yadda manhajarsa za ta tantance farashin ƙarya.

Marka ta ce bari ta sa musu saƙon yau su ji da kunnensu. Ta danna. Shiru. Ta sake dannawa, ta girgiza wayar, ta hura mata iska. Sai idonta ya faɗa kan Mahadi.

"Yauwa, ga mai rajista. Ɗan nan, tun da ka taɓa ta da safe ta daina karɓar magana. Duba mini."

Aka miƙo wayar hannu zuwa hannu. Ya duba. Babu sauran wuri ko na saƙo ɗaya. Gonata ta cinye ɗan abin da ya rage, domin a cikinta akwai bidiyon maraba na minti tara, Mahadi sanye da kwat yana bayanin manufa.

A nan za ka iya cewa matsalar sabis ce. Za ka iya goge hotunan jikokinta, ba za ta gane ba sai ta koma gida. Mahadi ya duba waɗannan hanyoyi duka biyu, ba zan ɓoye maka ba. Mutum hamsin na kallonsa. Ya ɗora yatsa a kan Gonata, wayar ta tambaye shi ko ya tabbata zai goge ta, ya ce ya tabbata.

Nan take saƙonni suka fara shigowa. Muryar wata mata ta cika aji tana cewa waken suya ya ɗaga a Ƙarfi, kada kowa ta yi gaggawar sayarwa.

"Me ya same ta?" in ji Marka.

"Wani abu ne ya cika ta, Inna. Na cire."

"Mai amfani ne?"

Ya miƙa mata wayar. "A'a."

"Allah ya yi maka albarka. Ashe karatun naku na da rana." Ta juya ga jama'a. "Duk wanda aka yi wa rajista da safe, ya kawo wa yaron nan ya cire masa. Hannunsa na da kyau."

Layi ya sake kafuwa a gabansa. Wayoyi ashirin da biyu, ɗaya bayan ɗaya, kuma kowane mai waya sai da ya yi godiya. Wata mata ma ta ƙulla masa daddawa a leda. Da aka tashi cin abinci, Marka ta ce ranar Laraba ya zo Ƙarfi, akwai mata da yawa da wayoyinsu ke cika, ba su san abin da ake gogewa ba. Ya ce zai duba jadawalinsa. Raudatu ta ce babu komai a jadawalinsa, zai zo.

Ya je. Har yanzu yana zuwa.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ya yi alkawarin za a san sunanka, bai ce da me ba. Idan ka bi matakan nan aka watse aka bar ka da majigin aro, ko kawunka ya kai ƙararka wurin mahaifiyarka, ko aka riƙa kiranka Mai Goge-Goge daga Ƙarfi har tashar Malumfashi, babu ruwansa, babu ruwan wanda ya buga, babu ruwan Raudatu. Mai ƙorafi ya same shi ranar Laraba a rumfar masu daddawa, ya bi layi, kuma ya zo da wayarsa da caji.