Sakataren Loma

Jama'a, ran Lahadin da ta wuce na ɗora wake buhu biyu bisa jakin surukina, na nufi kasuwar Tawa tun rana ba ta yi zafi ba. Na iske layi a rumfar awo, masu fatu da masu auduga da masu wake irina, kowa ya jingina da kayansa yana korar ƙuda. Sikeli babu. Inda yake zaune shekara da shekaru, sai sawun ƙafafunsa huɗu a ƙasa. Na tambayi Idi mai awo ko ɓarayi ne sunka ziyarce shi.

Ya ce, "Rufa mini asiri, Malam. Mota ta ɗauke shi da sassafe. An kai shi aikin ƙasa."

Sai bayan azahar anka maido shi, masu saye sun watse, na koma gida da wakena da jakin mutane. Abin da ya fi ci mini rai, wanda ake kai wa sikelin nan ya daina hawansa tun watan jiya. Takardar da ta ce a ɗauko shi kowace Lahadi ce ba a soke ba. Don haka mota ke ƙona mai ta kai shi, ya sha inuwa a zaure, ta maido shi, mu kuwa kwalbar kananzir sai mun yi rabin yini a layi. Tunda ba ni da wanda zan kai wa ƙara, bari in ba ku labarin aikin ƙasar nan yadda ya faɗa kan maƙwabcina Alƙasum.

Akwai wani babba a garin nan, Allah ya ƙara masa girma in da sauran wuri, wanda ke riƙe da biro, wato ofishi, na Tsimi da Tanadi. Aikin biron shi ne koya wa talaka ya ci kaɗan ya aje saura. Mu kira shi Maigirma Uban Tsimi. Zamanin Nasara na san shi siriri kamar karan dawa, yana buga takardu da yatsa biyu. Da ƙasa ta samu mulkin kai, cikinsa ma ya samu nasa. Cikin shekara shida an sake masa kujera sau biyu, takalmi sai an sa masa, in ya yi sujada sai mutum biyu sun taimaka. Numfashinsa kuwa, daga ƙofar biro kana jin sa.

Sai anka samo masa wani likita a Faransa mai sabon aiki: a buɗe ciki a rage hanji, abinci ya riƙa wucewa ba tare da ya tsaya gaisuwa ba. Jirgi da masauki da wuƙa, duk bisa wuyan ƙasa. Amma likitan ya kafa sharaɗi. Wata uku kafin tafiya, a rubuta duk abin da ya shiga bakin Maigirma a aika masa, kuma Maigirma ya sauke kilo goma. In ba haka ba, zuciyarsa ba za ta ɗauki allurar barci ba.

Babban mutum ba ya rubuta lomarsa da kansa, sai anka nemi mai rubutu. Alƙasum ɗan shekara hamsin ne, ya yi lakwal, wato makarantar boko, shekara huɗu, kuma ya fi shekara ashirin yana rubuta wa mutane wasiƙa gindin bishiya kusa da tashar mota. An san shi da abu guda: abin da ka faɗa shi zai rubuta, ba ya ƙara gishiri, ba ya ragewa. Anka ba shi kaki, da littafin rubutu irin wanda 'yan lakwal ke kira kaye, da muƙami mai tsawo da Faransanci. Mutanen unguwa sunka taƙaita shi, sunka ce Sakataren Loma.

Matarsa Zalika har guɗa ta yi. Ta ce, "Malam, gidan da ake yanka kullum? Ko ƙamshin ka kawo a riga ya ishe mu miya."

Ranar farko da azahar, Ciɗo kukun gidan ya kawo farantin likita: karas dafaffe, ganyen salati, da ƙirjin kaza fari fat, ba gishiri ba mai. Maigirma ya dube shi kamar an kawo masa sammaci.

Ya ce, "Rubuta."

Alƙasum ya rubuta.

"Ka rubuta? To cinye. Biron Tsimi ba ya zubar da abinci."

Alƙasum ya cinye. Kafin ya aje cokali, ga Ciɗo da akushin tuwon shinkafa, man shanu na gudu a kai, da kan rago a gefe.

Alƙasum ya ɗaga alƙalami. "Wanga hwa, ranka shi daɗe?"

"Wanga ɗanɗano ne. Aikin kuku nike dubawa. Aje alƙalami."

Ya aje, amma zuciyarsa ba ta aje ba. Wasiƙar likitan tana liƙe a shafin farko na kayen, kuma ya karanta ta sau uku. Akwai layi guda da anka ja wa jan zare: in anka ɓoye abin da mara lafiya ke ci, ana iya kwantar da shi ya ƙi tashi. Alƙasum ya yi kwana biyu yana juya maganar. In ya rubuta gaskiya, kaki ya tafi, ga 'ya'ya biyar. In ya rubuta ƙarya, mutum ya mutu a ƙasar wasu, da hannunsa a ciki. Ran na uku ya juya kayen, ya fara daga shafin ƙarshe. Gaba, abin da anka ce ya rubuta. Baya, abin da idonsa ya gani. Mako biyu kacal, baya ya ninka gaba sau huɗu.

Sai rangadi ya zo. Maigirma ya tafi Takanamat da Affala koya wa manoma tsimi, a shekarar da gero bai cika rumbu ba. A Takanamat anka gasa rago biyu, anka kawo cuku, wato busasshen nonon nan na Buzaye, da ƙwaryar fura wadda jariri zai yi wanka a ciki.

Maigirma ya ce, "Na rangadi ba ci ba ne, aiki ne. In na ƙi, na wulaƙanta talakawa."

Wallahi bai wulaƙanta kowa ba. A Affala ma haka. Can ne Alƙasum ya ga wata tsohuwa tsaye bayan dangar kara tana kallon ana fige zabi uku. Ba ta yi kuka ba, kallo kawai. Ya tambaya, anka ce Aminata ce, kuma zabin nan su ne duk abin da take kiwo. Tun daga ranar ya ƙara wani abu a shafukan baya, yana sa sunan mai abu. Zabi uku, na Aminata ta Affala.

Ran Lahadi kuwa, in anka kawo sikelin kasuwa, Maigirma ya hau, allura ta yi gaba da kilo biyu. Wata Lahadi ta ƙara ɗaya. Sai ya ce a cire nauyin riga, a cire na takalmi, a cire nauyin jama'a da ke wuyansa. Ran nan ya fusata ya ce sikelin fatu ne, ƙarya yake yi, Sakatare ya hau a gani. Alƙasum ya hau. Kilo shida sun tafi. Ashe maganin likita yana aiki sarai, jikin ne dai ba na mai shi ba.

Daga nan tsautsayi ya shigo. Wata la'asar Alƙasum na zaune wurin mai shayi a bakin kasuwa, wani ya ce masa, "Malam, mi ya same ka? Kana gidan nama kana ramewa?"

Alƙasum ya ce, "Bari, ɗan'uwa. Rejim ɗin nan ne zai kashe ni. Ba gishiri, ba mai, kullum ganye. Wanda anka yi dominsa shina ƙiba, ni ina ƙarewa."

To, ga waɗanda ba su yi lakwal ba: Faransawa, Allah ya shirye su, kalma guda gare su ga abincin da likita ya ƙayyade wa mutum da kuma mulkin da ke kan ƙasa. Duka rejim. A wurin mai shayi kuwa ba a rasa mai dogon kunne. Kafin Alƙasum ya ƙare kofinsa, masu jar hula biyu, dogaran hukuma, sun tsaya a kansa.

Zalika ta faɗo gidana ba mayafi. Ta ce, "Malam, sun tahi da shi! An ce ya zagi hukuma!" Ku da kanku kun san zamanin da muke ciki. Wanda anka sa a mota anka yi kudu da shi kan irin wannan magana, iyalinsa sun daina ƙirga watanni. Munka tafi inda anka kai shi, munka raɓe bayan taga.

Babban masu jar hular, Allah ya ƙara masa basira, ya buɗe kayen ta baya, yana bin layi da yatsa.

"Takanamat, rago biyu. Su wa ne ragunan?"

"Raguna ne, ranka shi daɗe. Masu ƙaho."

"Kana wasa da ni? Aminata ta Affala, zabi uku. Bindiga ce zabuwa ko harsashi?"

"Tsuntsuwa ce, ranka shi daɗe."

Anka kulle shi. Munka aika gidan Maigirma, ya ce shi bai san wani Alƙasum ba, biron Tsimi ba ya hulɗa da masu zagin hukuma. Amma washegari ya tuna ranar aika kayen ta yi, jakar wasiƙu za ta tashi da hantsi. Ya tura masinja ya karɓo kayen, ba mutumin ba. Masinjan bai iya karatu ba, ga sauri, sai ya sa shi a ambulan ya buga hatimi ya jefa. Gaba da baya, duk sunka tafi Faransa.

Kwana uku Alƙasum na ciki. Wanda ya fitar da shi ba babba ba ne, Ciɗo ne. Ya dafa farantin likita daidai yadda ya saba, ya rufe da faifai, ya ɗauka har gaban babban masu jar hula, ya durƙusa.

Ya ce, "Ranka shi daɗe, ga rejim ɗin da Malam ya zaga. Ɗanɗana ka yi hukunci."

Mutumin ya ɗauki karas ya tauna. Ya yagi kazar ya tauna. Sannan ya tofar ta tagar da na sake raɓewa a bayanta, saura kaɗan ya same ni.

Ya ce, "Wata nawa yana cin wanga?"

"Uku, ranka shi daɗe."

"Ku buɗe masa. Ni da kwana uku zan yi in zage shi."

Bayan mako uku amsar likita ta iso. Ciɗo na shara a falo lokacin da anka karanta, shi ya kawo mana labari. Likitan ya ce shi cimar mutum guda ya nema, me ya sa anka aiko masa ta gari? In kuwa da gaske mutum guda ne, to ba zai kusance shi da wuƙa ba, domin ba zai tashi ba. Ya ƙara da cewa wanda ya rubuta shafukan baya, a gode masa, ya ceci rai.

An gode masa kuwa. Takardar sallama ta zo ran Litinin, laifinsa rubutu a bayan kaye ba da izini ba. Ran Talata mai shela ya zaga gari da ganga, cewa Maigirma Uban Tsimi ya fasa tafiya Faransa saboda kishin dukiyar talakawa. Ran Alhamis anka yi walimar taya shi murnar wannan sadaukarwa. Raguna bakwai, in ji Ciɗo, ba mai rubutawa.

Alƙasum ya koma gindin bishiyarsa. Na ce masa ko yana da-na-sani, ya ce kakin dai yake tunawa, yana da aljihu masu kyau. Ran kasuwa sai ga tsohuwa Aminata da sanda, tun daga Affala. Ta ji labari, ta zo ta tabbatar.

Ta ce, "Ɗana, da gaske sunana ya tahi Faransa tare da zabina?"

Ya ce, "Da gaske, Inna. Har Bature ya karanta."

Ta kwance bakin zane, ta aje masa ƙwai biyu. Ta ce na maƙwabciya ne, aro ta yi, tunda masu yi mata nata Maigirma ya cinye su. Alƙasum ya ce mini duk wata ukun nan ba abin da ya tsaya masa a wuya kamar ƙwan nan.

Jiya kuma biron Tsimi ya fito da sabuwar sanarwa, an liƙa ta a ƙofar kasuwa da hatimi har biyu. Saboda halin da ƙasa ke ciki, an umurci kowane gida ya riƙa cin abinci sau biyu rak a rana. Na karanta wa Zalika ta kan katanga. Ta ce madalla, Allah ya saka wa Maigirma, amma in tambaya mata a jaridar nan da nake rubutu: na biyun, wane biro ake zuwa karɓa?