Barau Ya Tare Ambaliya a Ƙuba

"Ni da na yi iyo a ambaliyar Haɗeja da akuya a wuya, ruwan Madina ne zai ba ni tsoro? Ruwan da sai ya yi shekara yana shawara kafin ya zubo?"

Barau ke nan, haris ɗin gidanmu na haya a Ƙuba, wato mai gadi. Ku tsaya ku ji, wallahi jiya-jiyan nan aka yi abin. Ranar Litinin saƙo ya shigo wayar kowa cewa gobe akwai ruwa mai ƙarfi, har an ce 'yan makaranta su zauna gida. Sai ga mai gidan, Ammi Haisam, wanda shi ne kafil ɗin Barau, wato ubangidan da ya ɗauko shi aiki. Ya nuna masa ɗakin ajiya da ke tsakar gida, cike da kwalayen dabino.

"Ya Barau, isma', saurara da kyau. Kwali ɗaya ya jiƙe, khalas, aikinka ya ƙare."

"Alhaji je ka yi barcinka. Ruwa ya san ni, na san shi."

Gogan naka ya tattaro buhunan shinkafa na duk gidan ya cika da yashi, ya jera a bakin get har ƙugu. Sai ya hango ramin magudana da ke tsakiyar tsakar gidan. Ya yi masa kallon ɓarawo, ya ce a garinsu ta ƙasa ruwa ke ɓullowa. Ya cusa tsumma, ya kwaɓa siminti ya shafe, har da sa hannunsa a kai.

Inna Lauratu, 'yar Maraɗi da ke hawa na biyu, ta leƙo ta taga. "Injiniya, ka toshe ƙofa ka toshe rami. Wanda zai sauko daga sama fa, ta ina zai fita?"

"Hajiya, ruwa baƙo ne, ta ƙofa yake shigowa. Ki koma kan tukunyarki."

"To, Allah ya ba da sa'a, sarkin ruwan sahara."

Talata bayan la'asar sama ta buɗe. Abin da Barau bai taɓa ɗaga kai ya duba ba shi ne, indararon rufin gidan guda huɗu duk tsakar gida suke zuba. Kafin ya gama shan shayinsa ruwa ya kai idon sawu. Ya ce wannan raɓa ce. Da ya kai gwiwa sai ya ɗauko guduma ya nufi ramin, yana dukan siminti a cikin ruwa, ruwa na rama masa a fuska.

"Ya ƙi fashewa?" in ji Inna Lauratu.

"Aikin hannuna ne ai, ba ya fashewa da wasa." Ko a nan sai da ya yi alfahari.

Ya koma wajen buhuna. Yashi ya sha ruwa, kowane buhu ya yi nauyin saniya. Ya ja, ya yi nishi, zanin da ya ɗaura ya kwance ya bi ruwa, aka bar shi da gajeren wando. Sai ƙofar ɗakin ajiya ta buɗe da kanta, kwalaye suka fito a jere kamar ayarin maniyyata, dabino na yawo ɗaya-ɗaya. Barau ya haye tsani yana kiran 'yan kwana-kwana a waya da guntun Larabcinsa, wai ruwa ya yi yawa: "Moya, moya katir, Ƙuba ta nutse."

Suka iso da motarsu da igiyoyi. Titi kuwa fes, sabuwar magudanar unguwa ta shanye komai, yara har sun fito da ƙwallo. Babbansu ya duba hagu ya duba dama, ya tambayi mai shago ina ambaliyar. Mai shago ya nuna masa gidanmu. Mutumin ya leƙa ta saman katanga, ya ga Barau a kan tsani ba riga, ya ga tafki. Sai ya ce, "Masha Allah. Kai kaɗai ka gina wannan?"

Da suka yage buhunan suka buɗe get, ruwan ya fita a guje ya shiga shaguna biyu da ko ɗigo bai taɓa su ba. Daidai nan Ammi Haisam ya iso, ya tsaya yana kallon dabinonsa na wucewa ta tsakanin ƙafafunsa. Barau ya sauko daga tsani.

"Alhaji, ka ga dai ko ɗigo bai shigo daga waje ba."

Ammi Haisam ya juyo gare shi. Unguwa duk ta taru, kowa na jiran ya ce masa ya haɗa kayansa sai filin jirgi.

"Ba zan mayar da kai gida ba, ya Barau, mutum irinka ba a asararsa. Ina da gona a Khaibar, shekara uku rijiyarta a ƙafe. Gobe da safe ka hau mota, ka je ka tsare min ita daga ruwa."