Kwanukan Bayan Sito

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tura baro cike da kwanukan mutane, na zaga unguwarmu ta Nima a Accra ina cigiyar masu su. Na so in manta, wallahi na so, amma har yau akwai tsofaffin da in suka hango ni sai su fara murmushi tun kafin in gaishe su.

Shekarar yunwa ce, a farkon shekarun tamanin. Ruwa ya ƙi sauka, wutar daji ta cinye gonaki, ga 'yan uwanmu da aka koro daga Najeriya sun cika ɗakuna. Ni kuwa ina jami'a, kuma matsalata a lokacin (Allah ya yafe mini) ba ta abinci ba ce. An ce kowane ɗalibi ya zaɓi fannin da zai ƙare karatunsa da shi, ni kuma na rasa na ɗauka. Na ɗanɗana tattalin arziki, lissafinsa ya koro ni. Na leƙa falsafa, na fito ban ma tabbata ina raye ba. Baba, wanda tela ne, lauya yake so in zama, saboda ya taɓa ɗinka wa wani lauya kwat, ya ga mutumin bai nemi ragi ba. Ana cikin haka aka rufe jami'a, na dawo gida na shimfiɗa tabarma, ina kallon rufin ɗaki ina tunanin makomata.

Da Baba ya gaji da tsallake ni, sai wata safiya ya tsaya a kaina.

"Kai, karatun nan na kwanciya ne? Tashi ka je wurin Hajiya Laraba, ana neman hannu."

Hajiya Laraba dillaliyar albasa ce a kasuwar Agbogbloshie, mace mai murya, wadda direbobin manyan motoci ma ke shakka. A hannunta dattawan masallaci suka damƙa rabon kayan agajin da ke zuwa unguwa: jar masara, alkama, madarar gari da ɗan man girki. A wani sito ake ajiye su, a bakin unguwar Maamobi. Na je da gogaggiyar rigata da biro a aljihu, ina jin cewa yau talakawa sun samu ɗan jami'a.

Ta fara ba ni aikin awo. Ta miƙo mini olonka, gwangwanin da ake awon hatsi da shi a Accra. Na tsaya ina tambayarta ko a cika shi da tozo ne ko a shafe bakinsa, domin a ganina adalci ya dogara ne a kan wannan. Ta karɓe gwangwaninta. Ta mayar da ni tsaron layi. Na hau kan buhu na yi wa mata jawabi a kan muhimmancin tsari, kafin in sauko wata tsohuwa ta bi ta ƙarƙashin hannuna ta karɓi nata ta wuce. Kafin mako ya zagayo tsintsiya ce a hannuna, kuma ko ita ɗin ana duba aikina.

To, bari in gaya muku abin da kowa a unguwa ya sani ban da ni, don ku ji daɗin yi mini dariya yadda ya kamata. Sito ɗin nan ƙofa biyu gare shi. Ta gaba ita ce ta layi. Amma akwai mutanen da ba za su iya tsayawa a layi ba ko da yunwa za ta kashe su, mutanen da bara-bara su ne masu fitar da sadaka ranar Juma'a. Waɗannan sai su ɗaure kwanonsu a cikin tsohon ɗankwali, su ajiye a jikin bangon baya in an idar da sallar asuba. In layi ya watse bayan azahar, Hajiya ta cika kwanukan, ta mayar da kowanne cikin ɗankwalinsa. Da la'asar masu su su bi ta lungun kamar wucewa suke yi, kowa ya gane ɗaurinsa ya ɗauka. Ba wanda ke ganin wani, ko ya gani bai gani ba. Ni da na yi shekaru a makarantar kwana, sannan jami'a, ba wanda ya yi tunanin sai an yi mini bayani.

Ranar da abin ya faru, an aiko wa Hajiya cewa motar kaya ta lalace a hanya. Tana gyara mayafi tana ba da umarni, ta juyo gare ni da sunan da ta laƙa mini, ɗan sukuu, wato ɗan makaranta.

"Ɗan sukuu, yau kai ne da kwanukan baya. Ka san abin da ake yi, ko?"

"Sosai ma, Hajiya," in ji ni. (A shekarun nan ban taɓa ce wa wani ban sani ba. Har kyauta nake ganin ya kamata a ba ni.)

Na zagaya baya, na tarar da kwanuka jere a jikin bango, kowanne a ɗaure. Na kwance ɗaya, ba komai a ciki. Na kwance na biyu, shi ma haka. Na tsaya na yi tunani irin na masu ilimi, na gano bakin zaren: mutane ne suka zo layi, cunkoso ya sa suka manta kwanukansu, aikina kuwa shi ne in mayar wa kowa da nasa. Na ji tausayinsu har cikin raina. A wannan zamani na tsanani, mutum ya rasa abinci kuma ya rasa kwano?

Sai na zage. Na kwance ɗankwalayen duka, na wanke su na shanya a igiya, don sun yi ƙura. Na wanke kwanukan tas. Na ari baro a wurin masu gini, na loda su, na ɗauki cokali ina buga murfi ɗaya, na shiga lunguna.

"Mai kwano! Wa ya manta kwanonsa a bayan sito? A fito a duba!"

Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne yadda lunguna suka yi tsit. Nima ce fa, inda ko akuya ta yi tari sai an leƙo. Matan da ke wanki a ƙofar gida suka sunkuyar da kai. Wani dattijo da ke alwala ya juya mini baya. Na ce a raina, yunwa ta sa mutane sun daina jin kira, sai na ƙara murya.

Da na ga ba mai fitowa, na fara juya kwanukan ina duba gindinsu, don matanmu kan sa alama da fenti saboda biki. Ai kuwa na ci karo da suna ɓaro-ɓaro. Na Anti Zuwera ne, mai sayar da atamfa, wadda kafin kasuwa ta mutu ba a yin suna ko aure a unguwa ba ta ba da turmi ba. Na je har ƙofarta na yi sallama da fara'a, ga maƙwabta a tsaye.

"Anti, albishirinki! Ga kwanonki, a bayan sito na tsinto."

Ta dubi kwanon, ta dube ni. "Sam ba nawa ba ne, koraa."

"Haba Anti, ga sunanki nan a gindi." Har da ɗaga shi sama na yi don ta gani da kyau.

"Zuwera nawa ne a Nima?" ta ce a hankali, ta saki labule.

Na tsaya da kwano a hannu. Na fara zargin ko kwanukan na sata ne, shi ya sa kowa ke gudunsu. Daga baya na ce a'a, wataƙila wani camfi ne da ya shigo ina makaranta. Har na yi tunanin in na koma jami'a zan rubuta wani abu a kai. Gida bayan gida amsa ɗaya ce, ba nawa ba ne. Rana ta dake ni, baro ya yi nauyi, ban rage ko murfi ba. Sai na ce bari in biya gida in sha ruwa.

Gidanmu irin gidan haya ne na Zango, ɗakuna a zagaye, tsakar gida ɗaya, kowa yana ganin tukunyar kowa. Na turo baro har tsakiya. Mata suna zaune a inuwa, Mma, wato mahaifiyata, tana tsince wake a faranti. Ina sauke hannun baro kwanukan suka zame, sai ga wani shuɗin kwanon tangaran ya bayyana daga ƙasa, mai ɗan ɓalli a baki. Ni na yi masa ɓallin nan ina ƙarami, har na sha duka a kansa. Daɗi ya kama ni, yau dai na samu kwano ɗaya da ba mai musun mai shi.

"Mma! Ga kwanonki! Wa ya kai shi bayan sito?"

Ba wanda ya yi motsi. Mma ba ta ɗago ba, hannunta dai ya tsaya a cikin waken.

"Ban san shi ba," ta ce.

"Mma, kwanon aurenki ne fa. Ga inda na fasa."

"Na ce ban san shi ba."

Sai Anti Adiza ta ɗakin kusa da mu ta yi wuf ta miƙe. "Ei, nawa ne! Mamanka ya ba ni tun bara." (Mu a Zango mace da namiji duk "ya" ne, kada ku damu.) Kafin ta rufe baki Maame Fati ta ce a'a, ita ta ara, ita ta kai. Wata ta uku ma ta ce ai nata ne, kama ce kawai suka yi. Na tsaya baki buɗe. Tun hantsi nake yawo ba wanda ya yarda yana da kwano a duniya, yanzu ga mata uku suna rigima a kan guda ɗaya, mai shi kuma ta ce ba ta san shi ba. Wallahi na ɗauka rana ce ta taɓa mini kai.

Muryar Baba ce ta fito daga ɗaki. "Shigo nan."

Na same shi zaune kusa da keken ɗinki, an lulluɓe keken da zane. Sai a lokacin na lura tun da na dawo ban ji ƙararsa ba. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi.

"Tuwon da ka ci jiya, wane launi ne?"

"Ja-ja ne, Baba."

"A wace kasuwa ake sayar da jar masara?"

Ni da hannuna nake share jar masarar nan kullum a ƙasan sito. Sannan ya yi mini bayanin bangon baya, da ɗankwali, da la'asar, cikin 'yan kalmomi, idonsa a kan tabarma. Ya ce Mma ce ta hana a gaya mini, wai kada hankalin ɗan jami'a ya rabu biyu. Kunya ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba. Na tuna yadda na ɗaga kwanon Anti Zuwera sama a gaban maƙwabtanta, na ji kamar in nutse a wurin.

"La'asar ta kusa," in ji Baba. "Gidajen nan ba su da abin ɗorawa yau."

Ban san baro yana gudu haka ba. Na tarar Hajiya ta dawo, tana tsaye tana kallon ɗankwalayen mutane suna kaɗawa a igiya. Labari ya riga ni isowa. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Ɗan sukuu, ka yi aiki paa. Har da wanki."

"Hajiya, ban sani ba ne."

"Yoo. Da ka faɗi haka da safe ai da mun huta."

Muka cika kwanukan cikin sauri. Wane ɗankwali ne na wane kwano, wannan kuma Allah kaɗai ya sani, sai muka jera kwanuka a buɗe, muka ninke ɗankwalayen a gefe. Hajiya ta kore ni cikin sito, ta ce in zauna in fuskanci buhuna har a kira magariba. Ina jin takun mutane a lungu, da ɗan ƙarar murfi, ban juya ba. Da muka fito an kwashe duka, saura ɗaya. Anti Zuwera ba ta zo ba, kuma ba ta ƙara ajiye kwano a bangon nan ba. Hajiya ce ta riƙa kai mata da kanta a cikin kwandon albasa, wai saƙo ne daga 'yan uwa na arewa. Na je ba ta haƙuri sau da yawa, kullum sai ta ce ba ta san abin da nake magana a kai ba, ta tambaye ni karatu.

Na ci gaba da aiki a sito har aka buɗe jami'a, kuma bangon baya ya zama nawa. Da na koma, ban yi dogon tunani ba, na zaɓi fannin aikin jin daɗin jama'a. Baba ya tambaye ni me ake koyarwa a can. Na ce yadda ake taimakon mutum ba tare da an tona masa asiri ba. Ya ce, "Wannan ma sai an je jami'a?" Na ce ga irina, sai an je.

Shi ne aikin da na yi har na yi furfura. Abin da na koya kuwa bai fi a faɗa a numfashi ɗaya ba: in ka ga kwano a ɗaure ba kowa kusa da shi, ka cika shi ka kama bakinka, kada ka wanke wa kowa ɗankwali. Shuɗin kwanon yana gidana yanzu. Mma ta ci gaba da zuba mini tuwo a cikinsa shekara da shekaru, amma har ta koma ga Allah, in na ce "kwanonki", sai ta ce na Adiza ne.